Yadda ake shafa wa tsofaffin kwabbai na tagulla kaki ba tare da an kashe su ba

Cikin wani tsohon gwangwanin madara Gwaggo ta miƙo mani su, ranar da ake kwashe kayan ɗakinta za a yi mashi sabon rufi, ta ce "ungo ɗan nan, tunda kai ne sarkin tarkace." Na buɗe na ishe kwabbai masu huji, ɗari-ɗari wato rabin kwabon da, anini guda biyu irin wanda goma ke yin kwabo, da kwabon Naira na 1973 irin mai hoton rijiyar mai, duk sun yi baƙi wasu har sun fara kore. Na ce Gwaggo ai wannan dukiya ce, ta ce "dukiyar da ko ƙuli ba ta saye." To ni kuma da rawar kai a daren nan na matse lemon tsami na haɗa da toka na dirje guda tara, suka fito jajir kamar naman da aka feɗe, ina ta murna wai na gyara, sannan na bi su da man takalmi marar kala don su yi ƙyalli. Ba a yi wata biyu ba damina ta kankama, na buɗe gwangwanin na ga uku daga ciki sun fesar da wani koren gari kamar an barbaɗa masu kuka, da na kankare sai ga ramuka a jikin ƙarfen. Aradu ranar ko tuwon dare ban ci da daɗi ba. Daga nan na zauna na koyi abin a tsanake, kuma shi ne zan zayyano maka nan.

Abin da nake so ka fara riƙewa, kaki murfi ne kawai. Duk abin da ya tarar a jikin kwabo shi zai rufe, in tsafta ya tarar ya rufe tsafta, in laima da gishiri ya tarar su zai kulle a ciki su ci gaba da cin ƙarfen a ɓoye kai kana nan kana ganin ƙyalli. Shafa kakin kanshi bai cin minti 10, aikin da ake yi kafin shi ne ke cin sati biyu ko fiye.

Ka san wane ƙarfe ke hannunka tukuna

Ba kowane kwabo mai huji ne tagulla ba. Kuɗin Turawa na Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1907, masu tauraro mai tsini shida a baya da rubutun Larabci a gaba, kwabonsu farin ƙarfe ne, aninin farko ma na 1907 da 1908 alminiyam ne, mara nauyi kamar murfin kwalba. Sai a 1952 aka mayar da kwabo da ɗari da anini tagulla, shi ya sa za ka ga na Sarki George na 1952 da na Sarauniya na 1956 zuwa 1958 jajaye ne ko ruwan ƙasa. Kwabo da ɗari na Tarayyar Najeriya na 1959 su ma tagulla ne, amma taro na shekarar mai kusurwa 12 wani haɗin ne daban mai ruwan ɗorawa, sisi da sule da fataka kuma farare. Da aka koma Naira ranar 1 ga Janairu 1973, rabin kwabo mai hoton auduga da kwabo ɗaya mai rijiyar mai su ne tagulla. Na 1991 kuwa kar jansu ya ruɗe ka, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, kara masu mayen ƙarfe ka ga sun manne. Tagulla ta gaske ba ta kama mayen ƙarfe. In kana da fenin Ingila, na 1860 zuwa 1991 tagulla ne, wajen kashi 95 cikin 100 jan ƙarfe, sauran kuza da tutiya. Wannan bayanin nawa na tagullar ne, farare ka ajiye su gefe ba su buƙata.

Ko cikin na tagullar ma akwai waɗanda ba a taɓawa. In ka yi sa'a ka samu wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, yana nan da jan shi na asali yana walƙiya in ka juya shi a haske, to ka rufa mashi asiri ka sa shi a gida mai kyau ka bar shi. Haka duk wanda kake jin yana da tsada ko kana da niyyar sayar wa 'yan waje, don kamfanonin Amurka masu tantance kuɗi su ba su maki, irin PCGS da NGC, duk abin da aka shafa a fuskar kwabon zamani suna ɗaukarshi an taɓa shi ne, suna iya ƙin ba shi cikakken maki, farashi ya faɗo. Inda kaki ke da amfani shi ne kwabon da ya riga ya ci duniya, wanda aka tono a ƙasa ko cikin tsohuwar katanga ko fasasshen asusu, fatarshi ta bushe ta yi kaushi, ko wanda aka riga aka wanke aka tsiraita irin nawa, ko wanda kullum ana ɗaukarshi ana nuna wa baƙi da 'yan makaranta. Masu tara kuɗin Rumawa da ake haƙowa a Turai suna amfani da shi, saboda wannan dalilin.

Wane kaki

Na san abin da zai fara zuwa ranka kakin zuma, tunda ga shi nan arha wajen masu zuma. Bar shi. Kakin zuma yana da ɗan tsami a jikinshi wanda da tafiya ta yi tafiya yakan taɓa jan ƙarfe ya kawo kore, ga shi da danƙo yana kama ƙura, kuma yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, tun kafin nan ya yi laushi, ka tuna yadda ɗakin kwano yake a Katsina cikin watan Afirilu. Kyandir bai shafuwa siriri. Man takalmi ka ji labarina. Baselin bai bushewa har abada, duk ƙurar hunturu shi za ta sauka. Man gyaɗa da man zaitun kuwa suna baƙanta kwabo, su shige cikin 'yan ƙofofin fatarshi su lalace a can.

Wanda ake amfani da shi kaki ne da ake tacewa daga man fetur, ƙwayoyinshi ƙanana ƙwarai, ba shi da tsami kuma ya fi na zuma jure zafi. Wanda ya fi suna shi ne Renaissance Wax, an haɗa shi ne a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya da ke Landan a shekarun 1950, wani masani Dakta Werner ya fito da haɗin, kamfanin Picreator ke yin shi. Yana zuwa a ɗan gwangwani mai mililita 65 da mai 200, fari ne kamar man kaɗanya mai kyau yana ɗan warin kananzir. Ni ban taɓa cin karo da shi a shagunan garin nan ba, oda na yi ta intanet, kuma ƙaramin ma ya ishe ka kai da 'ya'yanka, don ni har yau ban ci rabin samanshi ba. In kun kai ku uku masu wannan sha'awa ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku raba a 'yan kwalabe masu murfi.

Sauran kayan ba su da wuya. Safar hannu ta roba irin shuɗiyar nan ta asibiti marar hoda, tsinken sakace na icce, tsinken goge kunne, burushin haƙori na yara mafi laushi sabo, tsohuwar singileti ta auduga da aka wanke aka ɗauraye sosai babu sauran omo, kofin gilas biyu, kwalba mai murfin da ke rufuwa gam, madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya ko agogo, asiton wato wani ruwan sinadari mai narka maiƙo, tataccen ruwa, da 'yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko na magani masu shanye laima, silika ake ce masu.

Maganar tataccen ruwa bari in tsaya kanta, don nan ake yin ɓarna. Wurin masu batir ake samunshi, amma ruwan batir iri biyu ne, akwai asid akwai tataccen ruwan da ake ƙarawa, ka ce masu na ƙari kake so wanda ba asid, kuma a rufe yake da hatiminshi ba wanda aka ɗura a jarkar da ta taɓa ɗaukar asid ba. Ruwan allura na kemis shi ma tatacce ne sai dai 'yan ƙananan kwalabe. Kar ka kuskura ka ɗauko ruwan dirif wai ai na asibiti ne mai tsafta, gishiri ne a ciki, kuma gishiri shi ne babban abokin gabar tagulla. Fiya wata da ruwan famfo da na rijiya duk suna da abubuwan da ba mu so.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Mu nan Allah ya ba mu abin da Turawa ke sayen inji su samu, wato bushewar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska a bushe take ƙarau, lokacin da leɓe ke tsagewa shi ne lokacin wannan aikin, sai dai ka rufe taga ka share tebur da jiƙaƙƙen tsumma ya bushe, don ƙurar da ke sauka yashi ne mai laushi, in ta hau kaki ka goga ta zama sanfefa. Watan Agusta da ake marka ko ashana ba ta kamawa da daɗi, kar ka shafa komai.

Mataki na 1: duba ciwo

Ka sa safar hannu, ka riƙe kwabo ta gefe kullum ba ta fuska ba, ka fita da shi inda haske yake ka duba da madubi gaba da baya da cikin hujin. Kore iri biyu za ka gani kuma bambance su shi ne rabin sana'ar. Akwai kore mai duhu ko ruwan ƙasa ko baƙi-baƙi, mai santsi, mai tauri, ya kwanta lif kamar fenti, ka sa tsinken sakace a hankali bai motsi. Wannan fatar tsufa ce, ita ke kare ƙarfen, ita ce kuma masu saye ke biya, ita na dirje da lemon tsami saboda jahilci. Ɗayan kuma kore ne mai haske yana ɗan shuɗi, yana tasowa tsibi-tsibi kamar ƙuraje, da ka taɓa da tsinke sai ya zube gari. Wannan shi ake kira ciwon tagulla.

Yadda yake aiki, gishiri ne ya shiga jikin ƙarfen ya haɗu da jan ƙarfe ya kwanta a ƙarƙashin fata. Muddin a bushe yake yana barci. Da laima da iska sun same shi sai ya farka ya haifar da asid, asid ɗin ya ci sabon ƙarfe, wannan cin ya sake haifar da irin gishirin farko, haka zai yi ta zagayawa har ya huda kwabon. In ka ce ina kwabo ya ga gishiri, ka tuna inda kuɗin nan suka kwana, a ƙulle a haɓar zane cikin zufa, a lalitar fatake, a hannun mai sayar da gishiri da manda, wasu a zare a ɗaure a ƙugu, wasu shekara da shekaru cikin ƙasar tsohon gida. Duk wanda ka ga alamar garin nan ka ware shi daban nan take, kar garin ya zuba kan 'yan uwanshi, kuma tsinken da ya taɓa shi ka yar.

In kana shakka, kankare wurin a hankali ka ɗauki hotonshi da waya ka ajiye shi a fili sati biyu ka sake dubawa. In koren ya dawo ciwo ne mai rai, kuma kwabon da ke da shi ba a shafa mashi kaki sai ya warke, ko da wa ya ce maka.

Mataki na 2: jinya, ga masu ciwo kawai

Da tsinken sakace ka cire garin duka har ka ga ƙarfe ko jan ƙasa-ƙasa a ƙasan ramin, ba allura ba reza. Sai ka jiƙa shi a tataccen ruwa cikin kofin gilas kana sauya ruwan duk kwana biyu, wannan kaɗai yana jawo gishiri a hankali. In ciwon ya yi nisa masu aikin gidan tarihi suna amfani da ruwan wani sinadari, sodiyam seskwikabonet, giram 5 cikin mililita 100 na tataccen ruwa. Ana iya haɗa shi da sodar wanki kashi 5 da bekin soda kashi 4 a awon sikeli, bekin soda fa na ce ba bekin hoda na yin kek ba. Ana sauya ruwan duk sati, za ka ga yana yin shuɗi-shuɗi, ana yi har ya daina, wani sati uku wani wata biyu. Amma ka sani yana iya cin fatar tsufan ita ma ya canza kalar kwabon, don haka kullum ka leƙa.

Na taɓa ba wani dattijo maƙerin farfaru wannan labarin a bakin kasuwa, ya yi dariya ya ce "ɗana ai kanwa kake ta kewaye-kewaye a kai." Na ce Baba ban gane ba. Da na bincika ashe yana da gaskiya, jigon kanwa wannan sinadarin ne. Na koma na ce mashi Baba ka ci gari, amma duk da haka ba ni sa kwabona a ruwan kanwa, don kanwar kasuwa tafe take da gishiri da ƙasa a jikinta, ka ga kenan an je korar ɓarawo an shigo da ƙaninshi. Ya ce "to ku 'yan boko kun fi kusa." Akwai kuma wani maganin, benzotirayazol, da ake narkawa kashi 3 cikin 100 a sifirit a jiƙa kwabo ya kwantar da ciwon, amma guba ne ba a taɓa shi da hannu ba a shaƙa, ni ban ba wanda ke aiki a ɗakin da yara ke shiga shawarar shi ba.

Bayan jinya a ɗauraye da tataccen ruwa sau da yawa, a busar, a sake jiran sati biyu zuwa wata a gani ko zai dawo.

Mataki na 3: wanka

Masu lafiya wankansu kaɗan ne. Jiƙa su kwana ɗaya zuwa uku a tataccen ruwa, kowa da kofinshi ko aƙalla kar su hau kan juna, laka ta yi laushi, ka bi lungunan rubutu da tsinken da ya jiƙa ya yi taushi, ka ɗan bi da burushin yara ƙarƙashin ruwa ba da ƙarfi ba. Datti kake cirewa ba kala ba. Ba lemon tsami, ba tsamiya, ba toka, ba lemon kwalba, ba man goge ƙarfe irin na masu goge kofin gasa, ba soson ƙarfe. Abin da ya ƙi fita da ruwa da tsinke ka bar mashi, ya zama ɗan gida.

Mataki na 4: cire maiƙo

Kaki bai kama jikin da ke da maiƙon hannu. Zuba asiton kaɗan a kofin gilas, ba na roba ba don yana narka roba, ka sa kwabon minti biyu zuwa biyar, ka juya shi, ka ciro ka sake tsoma shi a kofi na biyu mai sabon asiton, ka jingine shi ya bushe da kanshi. Asiton na gaske ake so daga masu sayar da kayan lab, ba abin goge jan farce na mata ba wanda aka sa wa turare da mai. Gwajin mai sauƙi ne, ɗiga ɗigo a kan madubi, in ya tashi bai bar tabo ba to shi ne. A inuwa za ka yi, inda iska ke wucewa, nesa da risho da gawayi da kaskon turare da mai shan sigari, abin nan yana saurin kama wuta kamar fetur. Yana kuma cin safar roba, don haka da ɗan hantsaki na icce ko tsinke biyu za ka ciro kwabon.

Mataki na 5: busarwa

Nan mutane ke gajiya, kuma nan ne ake cin jarabawar ko a faɗi. Kwabon da ya kwana a ruwa, ko samanshi ya bushe, cikin 'yan ƙofofin fatarshi da sauran ruwa. Ari handirayar uwargida ka sa a ƙaramin zafi ka hura mashi daga nesa kaɗan minti biyu ko uku kowane gefe, sannan ka sa shi cikin kwalba mai murfi tare da ƙunshin silika da yawa, ka rufe ka manta da shi kwana uku, wanda ya yi jinya kuma sati guda cur. Silikar da ta daɗe a waje ta riga ta ƙoshi da laima, sai an gasa ƙwayoyin a oba a wajen digiri 120 na awa ɗaya ko biyu kafin su sake aiki. Kar ka ɗora kwabo kan murhu ko ka kara shi a wutar gas don sauri, zafi mai yawa yana ƙona kalar, ya koma wani baƙi-baƙi ko shunayya da ba ta gyaruwa.

Mataki na 6: shafa kakin

Fara gwadawa a kan wanda ba ka jin ciwonshi, don kaki yana ɗan duhunta kala ya ƙara sheƙi, wani yana so wani bai so, gara ka gani da idonka.

Shimfiɗa tsumma mai tsafta a tebur. Ɗan hura wa kwabon handiraya ya yi ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko ƙarƙashin kaza, iyakarshi kenan, ɗumin yana sa kakin ya narke ya bi lunguna. Lakato kaki da tsinken goge kunne, kamar ƙwayar gero ɗaya, ita za ta ishi fuska guda har ta yi saura, na san za ka ga kamar ya yi kaɗan, bai yi ba. Fara dangwalawa wuri-wuri sannan ka baza shi da 'yan zagaye ƙanana ba dannawa, daga tsakiya zuwa baki, ka tabbatar ya shiga tsakanin haruffa da cikin kambin da kusurwoyin tauraron. In fatar kwabon mai kaushi ce audugar za ta riƙa barin zare, to ka koma burushi mai laushi ko yatsa cikin safa. Idan ka gama ya kamata ka ga kwabon kamar ya ɗan yi gumi, in kana ganin farin kaki da ido to ya yi yawa, ɗauke da busasshen tsinken kunne tun bai daskare ba.

Ba shi minti biyar zuwa goma ya sha iska ya yi dishi-dishi. Sai ka naɗe yatsa da singiletin nan ka goga a hankali kamar kana share wa jariri ido, ba irin gogar takalmin sallah ba. Kwabo mai santsi ko kaɗan kar ka dirje shi, siraran layukan da tsumma ke bari ba su fita. Mai kaushi kuma busasshen burushi ya fi, ka riƙa bi da shi gajere-gajere. Juya ka yi ɗaya fuskar haka nan. Sai gefe, ka mirgina shi a kan tsumman da ke da ɗan kaki. Sai hujin, wanda kowa ke mantawa alhali nan ne zare da zufa suka fi zama, naɗa 'yar auduga a bakin tsinken sakace ka zagaya ciki da kaki, ka sake zagayawa da busasshiya.

Washegari ka duba da madubi. Za ka iya ganin fari-fari ya taru a gindin haruffa, wannan kaki ne da ya yi yawa, hura mashi ɗumi ka bi da burushi ko tsinke zai tafi. Wanda aka tono a ƙasa mai shan kaki kamar busasshiyar ƙwarya za ka iya ƙara mashi shafi na biyu siriri bayan kwana ɗaya, fiye da biyu kuma ka fara cike rubutun da kake son gani.

Mataki na 7: ma'aji

Kaki yana rage shigar laima ne da zufar hannu, bai hana ta gaba ɗaya, don haka inda za ka ajiye ya fi kakin muhimmanci. Kowane kwabo da gidanshi, ɗan ambulan na takarda marar tsami ko ɗan gidan roba mai tauri irin na masu tara kuɗi. Ka guji leda mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki, PVC kenan, tana fitar da wani koren maiƙo mai danƙo a jikin tagulla. Ban da robar ɗaure kuɗi, ban da jarida, ban da jakar fata duk kyan aikin dukawanmu, don jimammiyar fata tana sa tagulla kore, dubi maɓallin tsohuwar jaka ka gani. Zuba su a kwano mai murfi gam tare da silika, in da hali ka sa ɗan agogon auna laima a ciki, ana so ta tsaya ƙasa da kashi 40 cikin 100, don ƙasa da nan ciwon bai samun ruwan da zai motsa. Kar a jingina da bangon da ke jiƙa da damina, kar a kai ƙarƙashin gado kusa da randa, kuma a nisanta da hayaƙin turaren wuta.

A jikin kowane ambulan ka rubuta da fensir: wane kwabo, an yi jinya ko ba a yi ba, an shafa kaki wata kaza shekara kaza. Kai kanka za ka manta, kuma ranar da za ka sayar ko ka yi musaya ka faɗa wa mutum an shafa, kar ya je ya gano daga baya ya ce ka rufe mashi aibi.

In ka so cirewa, farin sifirit irin wanda masu fenti ke tsinka fentin mai da shi yana narka kakin, ka jiƙa ka bi da tsinken kunne ka ɗauraye da asiton. Ba tina ba, ita haɗe-haɗe ce. Sai dai masu gyaran kayan tarihi da kansu sun koka cewa wani ɓangare na kakin nan yana wuyar fita duka daga jiki mai kaushi, shi ya sa tun farko na ce a yi tunani kafin a shafa. Abin da kuma ka tono wanda ya wuce kwabo, irin kayan tagullar da aka haƙo a tsoffin kaburburan sarakuna na Durɓi ta Kusheyi a jihar Katsina, wannan ba na gwaji a gida ba ne, kai shi gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina a duba.

Ni sau biyu nake buɗe kwanona a shekara don dubawa, tsakiyar Agusta da kuma ƙarshen Satumba in ruwa ya ɗauke. Bara cikin guda ukun nan da suka yi ciwo, biyu sun yi shiru, ɗayan wani ɗari na 1959 ya sake fito da ɗigon kore a bakin hujin daidai inda na yi ha'incin busarwa, sai da na cire kakin duka na mayar da shi ruwa sati biyar. Gwaggo ta leƙo ta ga kofin a kan taga ta ce "har yanzu ɗarin nan bai warke ba? Ɗan nan ko ni ba ka yi mani wannan jinyar ba." Yanzu yana cikin kwalbar silika, sai hunturu ya shigo sosai zan sake shafa mashi.